Kwaɗo a Murfin Tanki

Ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni. Tun ɗazu ina jin ku kuna cewa tuƙi ba sana'a ba ce, wai ko akuya aka ɗora a kujera za ta murza sitiyari. To madalla. Ni Mudi, a bayan sitiyari furfura ta same ni, kuma har yau ban ce na gama koyo ba. Murza sitiyari kam kowa ya iya. Abin da ake ajiye direba dominsa shi ne ya san abin da motarsa za ta iya da wanda ba za ta iya ba, tun kafin ya tambaye ta a tsakiyar titi, ga tirela a gefensa, ga bas ta taho.

Ni ban fara da kujerar direba ba. Da wankin noti a cikin kananzir na fara, a garejin Baba Isiyaku da ke Ƙauyen Alu. Shi ne maigidana, shi ya koya mini gyara, daga baya ya koya mini tuƙi. Mutum ne dogo, marar yawan magana, yana da wata doguwar sukundireba wadda ba ya ba kowa aro. Zai ɗora bakinta a kan inji, ya manna ƙotarta a kunnensa, ya lumshe ido, sai ya ce maka ringi ne, ko bawul ne, ko fulogi ɗaya ne ba ya ci. Ka kwance ka ga haka ne. A zamanin motocin kafireta ban ga wanda ya kai shi ba daga Tarauni har Hotoro. Idan yana koya maka tuƙi kuwa, kana kallon allon mota zai doke maka ƙeya. "Titi za ka kalla," in ji shi. "Mota da kunne ake jin ta, da tafin ƙafa, da mazaunai." Shi ya hana ni fita ko nan da can ba tare da sifana goma da sha biyu, da filaya, da jak mai lafiya, da tsumma a ƙarƙashin kujera ba.

Da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, sai gari ya sauya. Albashi ya ɗan ɗaga, ma'aikacin da bai taɓa mafarkin mota ba ya soma tambayar farashi, motocin Kwatano suka cika Kano. Ka buɗe bonet ba ka ga kafireta ba, sai wayoyi kamar taliya, da wani akwati da ake ce wa ƙwaƙwalwar mota. Masu gareji ba su tsorata ba, sai suka fito da wata al'ada. Duk motar da ta iso, kafin mai ita ya kai ta gida a yi masa murna, sai ta kwana a gareji a mayar da ita 'yar gida. Cewa ake yi motar ƙasar sanyi ce, ba ta san ranar Kano ba. A cire abin da ke tsare ruwa a lagireto, a haɗa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa, a zubar da baƙin manta mai ruwa-ruwa a ɗura mata mai kauri, a bi shi da wani gwangwani mai yauƙi kamar zuma. Kowa haka yake yi, kuma da zuciya ɗaya ake yi.

A lokacin ne Hajiya Talatu ta sayi tata, ita ma aka mayar da ita 'yar gida. Babbar nas ce da ta yi ritaya, gidanta na Gyadi-Gyadi, 'yar tafiya kaɗan daga titin Zariya. Mace ce mai tsari, wadda ta saba auna komai, har gishirin miya. Tana neman direba, sai Baba Isiyaku ya kai ni da kansa, ya ce mata, "Hajiya, wannan ɗana ne. In ya ci amanarki, ni na ci." Aikin ba wuya: kasuwar Tarauni, asibiti, gidajen biki, sai kuma duk Juma'a mu tafi Birnin Kudu ta gaida tsohuwarta. Malam Mudi take kirana, kuma in an sauke abinci nawa ake fara zubawa.

Motar nan a farkonta, kai! Giyar hannu ce, injinta ƙarami, amma in ka taka ta ka kai tsakiyar totur, sai ka ji kamar an buɗe mata wani huhu na biyu. A hanyar Wudil, wadda a lokacin falle ɗaya ce, ina leƙawa in ga fili, kafin tirela ta san da ni na wuce. Mai kuwa ɗanɗana shi kawai take yi. Da aka yi 'yan watanni sai ta soma kakkarwa in an tsaya, ta mutu a cunkoso, masu acaɓa suna zagina ta uwa ta uba. Na kai wa Baba. Ya ce in je in yi azahar in dawo. Na dawo na tarar da ita tana aiki shiru kamar agogo, Baba yana goge hannu. Na yi godiya na ja ta, ban tambayi abin da aka yi mata ba, don ba a tambayar Baba.

Tun a kan hanyar komawa gida ƙafata ta gaya mini an sauya mini mota. Kakkarwa ta tafi, amma huhun nan na biyu ya bi ta. Ka taka, sai ƙugi ba gudu. Allurar mai kuma ta soma sauka kamar ana jan ta da zare.

Abin ya zo a muguwar shekara. Wahalar mai ake yi, layin gidan mai ya kan miƙe daga Gyadi-Gyadi har ka daina ganin ƙarshensa, 'yan cuwa-cuwa sun jera jarkoki a bakin titi. Kuma gaskiya ɗaya ce, akwai direbobin gida da suke yawo da guntun tiyo a but, su zuƙi na maigida su sayar. Kowa ya san da haka, Hajiya ma ta sani. Da farko tambaya take yi. "Malam Mudi, ba shekaranjiya muka sha mai ba?" In ce mota ce ta sauya. Daga nan Malam ya faɗi, na koma Mudi. Daga Mudi na koma direba.

Wata safiya na zo aiki na tarar da mai walda tsugune a bayan motar. Ya liƙa ƙarfe a murfin tanki, an rataya kwaɗo sabo fil, mukullin yana jakar Hajiya. A ranar muka shiga layin mai. Da aka zo kanmu sai da ta fito da kanta ta buɗe, ta tsaya aka zuba, ta rufe, a gaban direbobin unguwa kaf. Wani ya ɗaga murya ya ce, "A'a, Mudi, an gano ɓeran gidan ke nan?" Aka kwashe da dariya. Wallahi na ji zafin da ban taɓa ji ba. Ku ba ku san abin da wannan ke nufi ba. Direban gida ba shi da takardar shaida sai sunansa, kuma sunan nan a bakin masu gadi da masu shayi yake yawo. In aka ce ɓarawon mai ne, babu gidan da zai ƙara ba ka mukulli daga nan har Unguwa Uku. Matata ta ce in ajiye aikin. Na ce in na ajiye yanzu, na sa hannu ke nan a kan abin da ake faɗa.

Na koma wurin Baba na ce mota ba ta da ƙarfi, kuma tana shan mai. Ya buɗe bonet, ya ɗora sukundirebarsa, ya ja totur da hannu, inji ya amsa lafiya lau. "Ji ta," in ji shi. "Ina ciwon yake? Ƙafarka ce ta yi nauyi, ka samu motar banza kana sukuwa." Ya ga kwaɗon, ya kalle ni, ya kau da kai. Wannan kallon ya fi dariyar gidan mai ciwo. Kuma ga inda gizo ke saƙar: a gareji a tsaye ake sauraron mota, ita kuwa wannan cutar ba ta fitowa sai a kan titi, da kaya, da mutane, lokacin da ka nemi ƙarfi.

Akwai wani rewaya, mai gyaran wutar mota, a Unguwa Uku, sunansa Sande, mutumin kudu ne amma a Kano aka haife shi, Hausa kamar jakin Kano. Shi ne ya fara sa kansa a cikin wayoyin sababbin motoci. Ranar da Hajiya ta shiga gidan biki na saci jiki na kai masa. Bai ko tayar da injin ba. Ya murza mukulli rabi, fitilun allo suka kama, ya ce, "Oga Mudi, ɗaya ta ɓata. Ina fitilar inji? An cire mata ƙwai." Ya zagaya gaba, ya cusa hannu a bayan wani tiyo, ya zaro kan wata waya da aka cire daga mazauninta aka naɗe da baƙin tef.

Ya yi mini bayani yadda zan gane. Bawul su ne ƙofofin da inji ke shaƙar iska da mai. A tsohuwar mota lokacin buɗewarsu ɗaya ne, ko kana tsaye ko kana gudu. Wannan kuwa tana sauya lokacin da kanta: in kana tsaye ta buɗe a makare, in ka taka ta buɗe da wuri ta ja numfashi sosai. Baƙin mai ne ke tura abin, ta cikin wata 'yar rariya da ba ta kai farce ba. Man nan mai kauri da zumar gwangwani sun toshe rariyar, abin ya riƙa maƙalewa, shi ne kakkarwar. Wanda ya cire wayar ya kashe shi gaba ɗaya, mota ta zauna a numfashin tsayuwa har abada. Fitila ta kama tana ƙorafi, sai aka cire mata ƙwai.

Ni kuwa tef ɗin nake kallo. An lanƙwasa ƙarshensa an yi masa ɗan kunne, don a ji daɗin ɓarewa. Mutum ɗaya na sani mai yin haka, kuma shi ya koya mini.

Sande ya ce, "Aikin awa ɗaya ne. In wanke rariya, a sauya mai, in mayar da waya." Har ya ɗauko sifana. Na riƙe hannunsa na ce a'a, ya mayar da tef yadda ya gan shi. Ya kalle ni kamar na taɓu. Na ce masa, "Sande, yi tunani. An sa kwaɗo. In ka gyara yau, gobe mota ta daina shan mai. Me Hajiya za ta ce? Kwaɗo ya yi aiki, ɓarawo ya daina." Sai ya ce, "To je ka gaya mata." Na ce wanda ake zargi ba ya kawo sunan wani a yarda, balle sunan wanda ya tsaya masa. Kuma ni bakina ba zai iya kai ƙarar Baba wurin mace ba, ko wace ce. Maganar nan daga bakinsa za ta fito, ko kuwa ba za ta fito ba. Sande ya girgiza kai ya ce, "To ka kiyaye ta a hanya. Ba ta da abin wuce mota."

Haka na ci gaba da tuƙa ta a kashe, ina sane. Na yi zaton da kwaɗo ya ga mai yana ci gaba da tafiya zai wanke ni. Ina! Ɗan Hajiya ya ce mata ai akwai noti a ƙarƙashin tanki, ɓarawo ba ya rasa ƙofa. Ta kira ni ta ce in wata ya ƙare za ta nemi wani.

A makonnin nan na koyi tuƙin da ban koya a shekarun baya ba. Motar da ba ta da ƙarfi ba a yi mata gaggawa, kuma ba a yarda da ita. In zan wuce tirela ba na manne mata, sai in ja baya in bar fili, in sauko giya tun da wuri, in tara gudu a layina, yadda in na fita na riga na fi ta sauri. In ga tudu a gaba, tun daga gangare nake shirya masa. In na hango mota ko da kamar ƙuda ce a nesa, na haƙura. Na kan bi bayan motar shanu daga Mariri har Gano ina shaƙar warinta, Hajiya tana tsaki a baya tana cewa yau kuma tsoro nake ji. Ina jin ta, ba na tankawa, don ni na san abin da ke ƙarƙashin ƙafata.

Ana saura Juma'a ɗaya wata ya ƙare, sai Allah ya kawo hanya. An yi wa Baba jika, yana son zuwa kasuwar Wudil ya sayi ragon suna. Na roƙi Hajiya mu rage masa hanya, ta ce ai Malam Isiyaku ba baƙo ba ne. Da muka wuce Hotoro na gangara gefe, na fito, na ce, "Baba, ka ce ƙafata ta yi nauyi. Ga ta, nuna mini." Ya yi murmushi ya zagayo. Da ya zauna na ce masa a hankali, "Sai dai kada ka yarda da ita wurin wuce mota." Ya ce, "Mudi, yau ni za ka koya wa?"

Ranar kasuwa ce, titi a cike. Bayan Gano muka cim ma wata tankar mai tana jan ciki. Baba ya bi ta kaɗan, ya leƙa, ya hango bas can nesa. A lissafinsa, da lissafin duk direban kirki, filin ya isa har da saura. Ya fita, ya taka. Mota ta yi ƙugi. Muka kai tsakiyar tanka muka tsaya a nan, kafaɗa da kafaɗa, ba gaba ba baya. Ya sake takawa har ƙasa. Bas ta soma walƙa fitila. Hajiya ta ce, "Innalillahi!" Na ce, "Baba, birki!" Amma ya riga ni, tsohon hannu ne. Ya danne birki, tanka ta zare, ya faɗa bayanta, bas ta wuce da iskar da ta girgiza mu, direbanta ya watsa mana daƙuwa.

Baba ya gangara gefen titi ya kashe mota. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tun yaushe take haka?" Na ce tun ranar azahar ɗin nan. Ya ce, "Kuma da ita kake zuwa Birnin Kudu duk mako?" Na ce e. Ya ce, "Ka san abin da aka yi mata?" Na ce na ga tef mai kunne.

Ya fito ya buɗe bonet, ya ce Hajiya ta taimaka ta zo. Ya zaro wayar ya nuna mata. "Hajiya, ga ɓarawon manki. Ni na cire wannan da hannuna, na cire ƙwan fitilar da za ta tona ni. Na ɗauka ɗaya ne daga cikin tarkacen Turawa da ba su da amfani a nan. Ban san aikinsa ba, kuma ban tambaya ba. Yaron nan ya zo ya gaya mini, na ce ƙafarsa ce." Hajiya ta dubi wayar, ta dube ni. Ta ce, "Ka sani, ka yi shiru?" Na ce, "Hajiya, da na gyara a ɓoye, da kwaɗonki ya ci nasara."

Ta buɗe jaka ta ciro mukullin ta miƙo mini. "Malam Mudi, cire shi. Ka yafe mini." Na ce na yafe har ga Allah, amma ban karɓa ba. Na ce, "Ba a nan aka gan shi ba, Hajiya. A gidan mai aka gan shi."

Washegari Baba ya bi mu Unguwa Uku. Ya zauna a benci, ya zuba ido Sande, wanda bai kai ɗansa na fari ba, yana wanke 'yar rariyar nan a cikin murfin gwangwani. Da aka gama Baba ya ce, "Sake cirewa in gani." Sande ya sake. Baba ya ce, "Ba ni in mayar da kaina." Daga ranar ba a ƙara ɗura wa sabuwar mota mai kauri a garejinsa ba, kuma duk wadda ya gyara sai ya hau ta sun je Mariri sun dawo.

Daga wurin Sande muka shiga layin mai na Gyadi-Gyadi, muka yi rabin yini a rana, ba wanda ya yi ƙorafi. Direbobin nan suna nan, har da mai maganar ɓera. Da aka zo kanmu Hajiya ta fito kamar kullum, ta buɗe kwaɗon, amma ba ta mayar ba. Ta ɗaga shi sama, ta ce da muryar da take tsawata wa masu jinya, "Jama'a, ku shaida. Na zargi mutumin nan, kuma bai ci mini ko cokali ba." Ta miƙo mini shi, sai Baba ya sa hannu ya riga ni karɓa.

"Kawo nan," in ji shi. "Ba nasa ba ne."

Ya rataye shi a ƙusar da yake rataye doguwar sukundirebarsa, inda duk mai shigowa gareji zai gani. In aka tambaye shi na mene ne, ba ya ɓoyewa, daga farko yake ɗauko labarin. Yana nan a ƙusar har ranar da muka kai Baba makwancinsa.